Daddawar Zuwera

Duk wanda ya san Misbahu Yakuba a yanzu, malamin gona da ke zagaya ƙauyukan Bana da Bengu a kan wani tsohon babur, ba zai yarda cewa mutumin nan ya taɓa riƙe ludayi ba. Ɗakin da yake haya a Gaya ko murhu babu. Da safe burodi da shayi a bakin tasha, da rana abin da manoma suka miƙo masa, da yamma kuwa sau da yawa ruwa kawai. Ni na san shi tun lokacin da ƙamshin miyarsa ke tayar da mutane daga barcin rana a ɗakunan kwanan ɗalibai a Yamai. Sunana Nasiru, mutumin Ƙonni ne ni, ɗakinmu ɗaya da shi a jami'a, kuma ba na jin kunyar faɗa, kusan duk ɗan naman da ke jikina a wancan zamani daga tukunyarsa ya fito.

A Gaya aka haife shi, a unguwar masunta da ke gangaren kogi, inda ake kwana ana tashi da ƙugin manyan motoci masu jiran tsallaka gada zuwa Malanbil. Dandanci ake yi a gidansu. Hausa a kasuwa ya tsince ta, kuma ta zauna masa a baki da kyau, in ban da ɗan karkacewar da ban taɓa bari ta wuce ba tare da na yi masa dariya ba. Mahaifinsa Yakuba masunci ne, ya rasu Misbahu bai daɗe da shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Ya bar mace ɗaya, Zuwera, da 'ya'ya biyu: Balkisu ce babba, Misbahu auta.

Da daddawa Zuwera ta riƙe gidan. Takan sayo kalwa daga ƙauyuka, ta wuni tana dafawa, ta surfe, ta kai bakin kogi ta wanke, ta sake dafawa, sannan ta rufe a kwando da ganye ta ƙyale ta har ta ruɓa yadda take so. Wannan kowace mai daddawa ta sani. Nata bambancin shi ne, in ta kirɓa da gishirin Foga ta cura, ba ta shanyawa a rana kawai kamar sauran mata. Takan jera curin a kan tandar bandar kifi da mijinta ya bari, ta saka masa hayaƙi a hankali. Sai daddawar ta fito baƙa wuluk, da tauri, ga ƙamshin kifi a cikinta ko da ba a sa kifi a miyar ba. Matan unguwa sun gwada, Balkisu ma ta gwada a gaban uwar, da kalwa ɗaya da wuta ɗaya, amma bai taɓa fitowa daidai ba. Zuwera kan shinshina na 'yarta ta ajiye gefe ba tare da ta ce komai ba.

Ba mai yawan magana ba ce dama. Wata shekara sanƙarau ya kwantar da ita, ta tashi da rai amma kunnuwanta sun tafi. Daga nan sai ta koma koyarwa da hannu. Misbahu, wanda tun yana rarrafe yake manne da zanenta, haka ya koyi girki: in ya kai hannu gishiri kafin lokaci ta buge hannun, in ya yi daidai ta kau da kai kamar ba ta gani ba. Kawunsa Alfari, yayan Zuwera kuma babban gidan tun rasuwar Yakuba, ya sha yin faɗa a kan a raba yaron da madafa kafin ya lalace. Zuwera kan nuna kunnenta ta ci gaba da abin da take yi. Rashin ji ya yi mata rana a wurare da yawa.

Da ya ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, ya zo Yamai karatun aikin gona, aka haɗa mu ɗaki. Wanda bai yi zaman ɗalibi ba ba zai gane yunwar wurin ba. Akwai resto, wato ɗakin cin abincin ɗalibai, inda za ka bi layi a rana har ƙwaƙwalwarka ta dahu, a zuba maka shinkafa da wata miya wadda in ka leƙa za ka ga ƙasan kwano. Mukan ci, don yunwa ba ta san girman kai ba. Amma Misbahu ranar farko ya ɗanɗana ya ajiye cokali, ya dube ni da tausayi na gaske, ya ce, “Wanga abu, wanda ya dafa shi ba ya son kowa.” Washegari ya dawo da risho da ƙaramar tukunya mai murfin da bai dace da ita ba.

Daga nan rayuwarmu ta rataya a kan kwalin Gaya. Duk bayan ɗan lokaci Balkisu kan kira ta ce an sa saƙo a mota, mu tafi tasha mu ɗauko. Kwali ne na sabulu, an ɗaure shi da robar taya. A ciki akwai bandar kifi, busasshiyar kuɓewa, garin rogo, zogale, yaji, muruci in lokacinsa ne, sai kuma a can ƙasa, cikin tsumma mai tsabta, curin daddawar Zuwera. Misbahu ba ya buɗe kwalin a tsaye. Sai ya zauna a ƙasa, ya fitar da kaya ɗaya bayan ɗaya, ya bar tsumman nan ƙarshe, ya kai hanci ya lumshe ido. Nakan ce masa in ya gama gaisawa da Inna a ba mu mu ci.

Ban taɓa ganin mutumin da girki ke faranta wa rai kamarsa ba. Mu dawo daga darasi a gajiye, malami ya zage mu, ba mu san ranar da za a biya mu alawus ba, amma da ya tsuguna gaban risho sai fuskarsa ta warware. Yana yanka albasa yana waƙa da Dandanci. Yakan gutsuri daddawa da wuƙa, don hannu ba ya iya karya ta, ya daka a gwangwanin madara da gindin kwalba. Miyar kuɓewa da bandar kifi a kan tuwon masara, dambu da zogale da ƙuli, dafa-duka ranar da ba mu da komai sai shinkafa da ƙarfin hali. Ba ya auna komai. In ƙamshi ya tashi, sai ka ga mutanen da ba su taɓa gaishe ka ba sun tuna suna son aron littafi. 'Yan Gaya kuwa ba sa ma neman dalili, da cokalinsu a aljihu suke zuwa. Bai taɓa korar kowa ba, ni ne mai tsare ƙofa, kuma har yau akwai waɗanda ba sa shiri da ni saboda haka.

Da uwarsa ba ya magana a waya, tunda ba ta ji. Balkisu ce a tsakani. Yakan ce, “Yaya, ki ce ma Inna kifin ya yi,” ita kuma ta dawo masa da, “Ta ce ka rage gishiri, ta san halinka.” Sai ya yi ta dariya shi kaɗai.

A shekara ta biyu ya faɗi jarrabawa. Ba daƙiƙi ba ne, amma gaskiyar Kawu Alfari ta fito ta wani gefen: mutumin da ke ciyar da rabin bene ba ya samun lokacin bita. Aka ce ya maimaita ajin, kuma aka gaya masa in ya sake faɗuwa a gaba, ya tattara nasa ya nasa. Da ya je hutu, Zuwera ta dafa masa abin da ya fi so, ta bari ya ci ya ƙoshi, sannan ta yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa, har maƙwabta suka ji. Ta ce kada ya sake taka gidan nan sai ya gama. Ba hutu, ba salla, ba komai. Ya dawo Yamai jikinsa a sanyaye, ya sayar da babbar wayarsa ya sayi ƙarama mai maɓalli don kada hira ta ɗauke masa hankali. Ya haye ajin da ya maimaita, ya shiga shekarar ƙarshe, bai je gida ba. Kwalin dai bai fasa zuwa ba, daddawar ma ƙaruwa ta yi.

Abin da ya biyo baya ban san shi a lokacin ba. Daga bakin Balkisu na ji shi daga baya, amma gara in faɗe shi a inda ya faru.

Ana tsakiyar bazara, saura kaɗan mu shiga jarrabawar ƙarshe, Zuwera ta faɗi a bakin turmi da hantsi. Kafin a samo motar da za ta kai ta likita ta cika. Aka yi mata sutura bayan azahar. Tun kafin a ɗauki gawa Alfari ya tara 'yan'uwa a zaure ya ce ba wanda zai kira Misbahu. A wajensu wannan ba sabon abu ba ne. Ɗan da ke nesa yana karatu ko yana kan wata muhimmiyar hidima, ba a jefa masa mutuwa ta waya. A bari ya gama, ya zo gida, a zaunar da shi a kan tabarma, babba ya gaya masa ido da ido. Ana ganin hakan tausayi ne.

Balkisu ta ce, “Kawu, uwa tai ce fa.”

Ya ce, “Na sani, ƙanwata ce kafin ta zama uwa tai. Ko mun kira shi yanzu, kafin ya iso an rufe ta. Mi za shi tarar? Ƙasa. Ya bar jarrabawa ya zo ya ga ƙasa, a kore shi lakwal, wahalar da tay yi duk ta tashi a banza? Ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba, Balkisu. Sati biyu ne, ki daure.”

Ya sa aka bi duk 'yan Gaya da ke karatu a Yamai ta wajen iyayensu, aka ja musu kunne. Wanda ya yi suɓutar baki, shi da Alfari. Ita kuwa Balkisu aka ɗora mata abin da ya fi nauyi: ta ci gaba da amsa waya, ta ci gaba da aika kwali. Sauran kayan kwalin ba wuya, kifi kifi ne, kuɓewa kuɓewa ce. Daddawa ce matsala, don Misbahu ko a cikin barci aka sa masa ta wani a hanci zai gane. Allah ya sa kafin ta faɗi Zuwera ta gama wani zubi, ta adana a wani tulu a ƙuryar ɗakinta. Balkisu ta leƙa ta ga ya kai rabi. Ta ce wannan ai ya isa sati biyu har da saura.

Sai jarrabawar ta ƙi zuwa. Malamai suka shiga yajin aiki na 'yan kwanaki, suka sabunta, suka sake sabuntawa. Da suka dawo sai mu ɗalibai muka ce ai mu ma muna da namu kukan, muka fita. Da muka dawo ruwa ya sauka, wani ɗakin karatu ya cika da ruwa. Kullum maganar ɗaya ce, sati mai zuwa. Ba wanda ya isa ya yi nisa da makaranta, don ana iya liƙa jadawali yau a ce gobe da safe. Har yau in na tuna yadda manya masu albashi da yara masu zafin kai suka yi ta wasa da kwanakin mutane, raina ɓaci yake yi. Ba su san akwai wata mata a Gaya da ke leƙa tulu tana ganin ƙasansa na matsowa ba. Bazara ta wuce, damina ta kankama, gero ya yi ciki.

A Yamai mu muna ta girkinmu. Ni abin da na lura da shi biyu ne, kuma duka biyun na fassara su a karkace. Na farko, 'yan Gaya suka daina zuwa da cokali. In sun haɗu da Misbahu a hanya sai su gaishe shi da ladabi fiye da kima su wuce da sauri. Ni na ce mun huta da 'yan cin banza. Shi kuwa abin ya dame shi ƙwarai, ya yi zaton hannunsa ne ya lalace, har yakan sa ni in ɗanɗana miya sau uku in rantse. Na biyu, curin daddawa ya fara raguwa a kwali. Misbahu ya kira gida yana tsokana.

“Yaya, Inna ta fara rowa ko? Ki ce mata ɗanta na ramewa.”

Sai da ya duba wayar ko ta katse. Sannan Balkisu ta ce, “Ta ce kalwa ta yi wuya bana. Ta ce ka dage da karatu.”

“Tana lafiya dai?”

“Tana hutawa.”

Balkisu ta gaya mini cewa bayan wannan wayar ta shiga bayan ɗaki ta yi amai. Ba maƙaryaciya ba ce, mace ce mai tsoron Allah wadda ko a ciniki ba ta iya ƙara wa kaya daraja da baki. Ta koma wurin Alfari sau da yawa tana roƙon a gaya wa yaron. Amma ƙarya irin wannan, in ta yi nisa, komawa baya ya fi ci gaba wuya. Alfari ya ce in an faɗa yanzu an yi biyu babu: bai ga gawa ba, bai ci jarrabawa ba. Ta sayo kalwa ta yi nata zubin a kan tandar uwarta, ta bi komai yadda ta gani tun tana yarinya. Da ya bushe ta shinshina, ta san bai yi ba. Ta yi tunanin ta haɗa nata da na uwar ta sake curawa don ya ƙara auki, sai ta ji tsoron kada ta ɓata ɗan abin da ya rage kuma asiri ya tonu. Ta kai nata kasuwa ta ci gaba da gutsurar na tulu.

An yi sadakar arba'in a gidansu ranar wata Alhamis. Da muka lissafa daga baya, a ranar ce Misbahu ya yi mana wani dambu da har wani ɗan Zandar ya ce a ba shi auren 'yar'uwar mai girkin, ko da ba a gani ba. Mun yi dariya har da riƙe ciki. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da kaka ta ƙarato aka yi jarrabawar. Misbahu ya shiga da ƙarfinsa, ya fito yana murmushi. Muka zauna jiran sakamako, don ya ce ba zai je gida da “ina tsammani” ba. Cikin wannan jiran kwalin ƙarshe ya iso. Balkisu ta kwashe duk abin da ya saura a tulun, har da ɓarɓashin ƙasa, ta ƙulle a tsumma. Ta ce ta yi tunanin ta rage wa kanta ko curi ɗaya, sai ta ga kwalin zai yi kama da na marowata ya sake yin tambaya, ita kuma ba ta da sauran amsa.

Sakamako ya fito, ya ci, har da yabo. Nan take ya ce zai yi walima. Ya aro babbar tukunya wurin wata mai sayar da abinci a bakin ƙofar makaranta, muka haɗa duwatsu a bayan bene, a inuwar itacen bedi, muka hura itace. Ya aika wa 'yan Gaya ɗaya bayan ɗaya cewa wanda bai zo ba ya raba zumunci. Suka zo, suka tsaya cirko-cirko kamar masu jiran likita. A cikinsu akwai Hamdiyya, 'yar unguwarsu mai karatun shari'a, wadda uwarta ƙawar Zuwera ce. Tana tsaye kusa da shi lokacin da ya kwance tsumman ya juye daddawar duka a turmin aro.

Ta ce, “Misbahu, duka za ka sa?”

Ya ce, “Duka. Yau ba ranar rowa ba ce.”

“Ka rage kaɗan mana. Ko curi guda.”

“In kai ina? Jibi ina gida. Mai kogi a ƙofar ɗaki ba ya ajiyar ruwa a moɗa.”

Ta sake buɗe baki, ta dubi sauran 'yan garinsu, kowa ya sunkuyar da kai. Ya ɗaga taɓarya ya fara daka. Hamdiyya ta ce kanta na ciwo ta tafi, ni kuwa har na bi ta da tsokana cewa lauyoyi ba su iya ganin ana rabon abu kyauta ba.

Miyar ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa cin irinta ba kafin nan, ban kuma ci ba bayan nan. Mutane suka cika wurin, waɗanda muka sani da waɗanda ko sunansu ba mu taɓa ji ba. Wasu suka ci suka sa albarka, wasu suka ci suka ce daddawa ta yi yawa, wani ya bar rabin kwanonsa a ƙasa kare ya zo ya lashe. 'Yan Gaya suka taɓa kaɗan suka zame. Tuwo ya ƙare kafin miya, aka bar kusan kwata a gindin tukunya. Da gari ya waye zafi ya juyar da ita, ta yi tsami. Mai tukunya ta aiko tana son kayanta. Misbahu ya ɗauka ya kai bakin kwata ya tuntsurar, yana fito, ya ɗauraye ya mayar.

Dama ya daɗe yana cewa sai ya kai ni Gaya in ci daga hannun mai abin, in san cewa shi kwaikwayo kawai yake yi. Muka hau mota da safe. Ya yi ta surutu tun daga Yamai har Doso, daga Doso har muka fara ganin giginya. Ya ce Inna ba za ta yi murna a fili ba, za ta karɓi takardar ta juya ta sama da ƙasa ta miƙo masa, sannan ta tafi ta kama kaza. Ya koya mini yadda zan gaishe ta: in durƙusa a inda za ta ga bakina.

Da la'asar muka shiga unguwar. Matan da ke bakin ƙofofi suka riƙa amsa gaisuwarsa a gajarce suna shigewa ciki. A ƙofar gidansu ya tsaya ya ja numfashi ta hanci, ya sake ja. Na ga fuskarsa ta canja. Babu warin kalwa, babu hayaƙi. A tsakar gida tandar banda na nan, kaji sun yi ta tona tokarta har ta baje.

Alfari na zaune a kan tabarma da wasu dattawa biyu, don Balkisu ta gaya musu muna hanya. Ya nuna wa Misbahu wuri a gabansa. Da Dandanci ya yi maganar, ban ji ko kalma ɗaya ba, amma ban buƙaci tafinta ba. Ya yi ta a hankali, da nasiha a gaba da addu'a a baya, yadda aka saba. Ba mugu ba ne Alfari, idonsa ma ya kawo ruwa. Wannan ne ya fi ba ni haushi, don na so in sami wanda zan tsana ban samu ba. Misbahu bai yi kuka ba. Ya yi tambaya ɗaya, daga baya na san watan da aka yi rasuwar ya tambaya, na ga yana lissafi da yatsunsa a kan gwiwa. Sannan ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un,” ya ajiye takardar sakamakon a kan tabarma kusa da ƙafar kawunsa. Aka raka shi maƙabarta. Damina ta riga ta daidaita kabarin da ƙasa, ciyawa ta rufe shi, sai da dattawan suka ɗan yi gardama kafin su tabbatar da wanne ne.

Washegari da hantsi muna zaune ni da shi a gindin bangon tsakar gida. Tun jiya bai sa komai a bakinsa ba, bai kuma yi wa Balkisu magana ba. Ita tana ta kai da kawo, ta share inda ta riga ta share. Can ya kira ta.

“Yaya, daddawar da kike aiko mini, ta wa ce?”

Da Hausa ya yi tambayar, ban sani ba ko don ina wurin ne, ko don ya kasa yin ta da harshen uwarsa. Balkisu ta jingine tsintsiya.

“Tata ce. Wallahi ban taɓa sa maka tawa ba. Ta bar rabin tulu.”

“Ina sauran?”

Ta shiga ɗakin Zuwera ta fito da tulun ta ajiye a gabansa. Ya sa hannu har kafaɗa, ya shafa ciki, ya fito da hannun ba komai. Ya daɗe yana kallon tafinsa.

“Wadda ta zo a kwalin ƙarshe fa?”

“Ita ce ta ƙarshe.”

Na ɗauka yanzu ne zai fashe. Na ɗauka zai yi maganar jana'izar da bai tsaya ba, da watannin da ya yi yana aika gaisuwa ga wadda ke ƙarƙashin ƙasa. Balkisu ma abin da take jira ke nan, ta durƙusa ta fara kawo hujjojin kawunsu: jarrabawa, kora, wahalar Inna, ba a so a yi biyu babu. Ya girgiza kai ya tsayar da ita.

“Ba wannan nike faɗi ba, Yaya. Kun yi abin da kunka ga ya dace.” Ya juyo ya dube ni, sannan ya mayar da ido kan tulun. “Da dai kin ce mini ita ce ta ƙarshe. Da kaɗan-kaɗan zan riƙa sawa. Da ta kai ni shekara.”

Balkisu ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska. Shi kuwa ya kai hannun nan da ya shafa cikin tulun hanci, ya riƙe shi a nan.